Yadda Ake Tono Tarihin Gwagwarmayar Baƙaƙen Fata da Fursunonin Amurka a Rumbunan Intanet

Shekaru talatin da suka wuce, duk mai son jin muryar fursuna George Jackson ko karanta jaridar Black Panther ta 1969 sai ya nemi biza ya tafi Amurka, ya zauna a ɗakin karatun wata jami'a yana jiran a ɗauko masa akwatin takardu. Yau ɗalibin tarihi a Samaru ko mai shirya shirin rediyo a Maraɗi yana iya kai wa ga kaso mai tsoka na waɗannan kaya da wayar hannunsa. Amma da yawa sukan shiga su fito hannu rabbana. Mutum ya rubuta kalma ɗaya a gurbin bincike, a zubo masa sakamako tuli, ya buɗe huɗu ko biyar, data ta ƙare, ya koma Wikipedia. Rumbun tarihi yana da halinsa. Ba ya amsa kira sai da sunaye da kalmomin zamanin da aka rubuta takardar, sannan kowace takarda a cikinsa akwai wanda ya rubuta ta, da abin da yake so a ɗauka. Sauran dabarun duk daga waɗannan biyun suka fito.

Wuri mafi dacewa a fara shi ne Freedom Archives. An kafa shi a San Francisco ta jihar Kalifoniya a 1999, kuma waɗanda suka kafa shi ma'aikatan rediyo ne da 'yan gwagwarmaya da suka daɗe suna ajiye kaset-kaset na shirye-shiryen da suka yi. Ɗaya daga cikinsu, Claude Marks, ya yi aiki a tashar KPFA ta Berkeley, shi kansa kuma ya yi zaman gidan yari saboda siyasa. Rumbun yana da sauti da bidiyo na sama da sa'o'i 10,000, mafi yawa daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa tsakiyar shekarun 1990, ga ƙasidu da mujallu da takardun rabawa a titi. Adireshin binciken shi ne search.freedomarchives.org, kyauta ne. Tun daga ƙofa ka san cewa masu wannan rumbu ba 'yan ba-ruwanmu ba ne, kuma ba su taɓa cewa su ne ba. Ɓangaren masu gwagwarmaya suke, abin da masu gwagwarmaya suka faɗa suka ajiye. Wannan ba aibi ba ne muddin ka riƙe shi a ranka.

An kasa kayan tari-tari bisa jigo: 'yancin baƙar fata, fursunonin siyasa, halin gidajen yari, gwagwarmayar 'yan Puerto Rico, ta 'yan asalin ƙasar, da sauransu. Kowane abu yana da katinsa mai ɗauke da take, kwanan wata, nau'in abin, lambar ajiya, da ɗan bayani. Abu biyu sukan ruɗa baƙo a nan. Na farko, idan kaset ne, injin binciken katin yake karantawa, ba ya jin abin da aka faɗa a cikin kaset ɗin. Mutum yana iya yin magana ta minti goma a kan Najeriya a tsakiyar wata hira, amma idan wanda ya rubuta katin bai ambaci Najeriya ba, ba za ka same ta da wannan kalma ba. Na biyu, ba duk abin da ke da kati aka ɗora a intanet ba. Wani za ka saurara ko ka sauke nan take, wani kuwa katin kawai za ka gani, kaset ɗin yana can a kan kanta. Kada ka ɗauka wayarka ce ta sami matsala.

Kafin ka taɓa gurbin binciken, ka matse tambayarka. "Tarihin baƙar fata a Amurka" ba tambaya ba ce, fage ne. "Me fursunonin Attica suka nema a kan addini a 1971, me aka amince musu?" ita ce tambayar da rumbu zai iya amsawa.

Attica a matsayin darasi

Mu tsaya a kan Attica, don tana koyar da kusan duk abin da mai bincike yake buƙata. Gidan yari ne a yammacin jihar Niyok. Ranar 9 ga Satumba 1971 fursunoni kimanin 1,300 suka karɓe wani sashe nasa, suka yi garkuwa da gandirobobi da wasu ma'aikata, suka taru a filin da ake kira D Yard, suka zaɓi masu magana da yawunsu, suka miƙa buƙatu. Gwamna Nelson Rockefeller ya ƙi zuwa wurin duk da roƙon masu shiga tsakani. Safiyar 13 ga wata aka sako hayaƙi mai sa hawaye daga jirgi mai saukar ungulu, jami'an tsaro suka buɗe wuta. Harbin ya kashe mutum 39, fursunoni 29 da waɗanda aka yi garkuwa da su 10. Idan aka haɗa da waɗanda suka mutu kafin ranar, mamatan 43 ne.

Rubuta Attica, sannan ka tace sakamakon da shekarar 1971. Kada ka yi gaggawar sauraro. Karanta katuna goma ko ashirin tukuna, biro a hannu, kana tsintar sunaye. Za ka ci karo da L.D. Barkley, matashi ɗan shekara 21 da ya karanta sanarwar fursunoni a gaban kyamara aka kuma kashe shi ranar 13. Da Frank Smith da ake kira Big Black, wanda aka azabtar bayan an ƙwace gidan. Da Russell Oswald, kwamishinan gidajen yari. Da lauya William Kunstler da ɗan jarida Tom Wicker da ɗan majalisar jiha Arthur Eve, waɗanda suke cikin masu shiga tsakani. Kowane suna sabon bincike ne, kuma sakamakonsa ya fi na kalmar Attica tsafta nesa ba kusa ba. Da ɗan gari akan ci gari.

Daga nan sai ka saki shekarar, ka koma baya. Wanda ya kulle kansa a Satumba 1971 zai ɗauka boren daga sama ya faɗo. A watan Yuli na shekarar wasu fursunoni da suka kira kansu Attica Liberation Faction sun aika wa Oswald takardar koke, kuma sun gina ta ne a kan wadda fursunonin Folsom ta Kalifoniya suka fitar lokacin yajin aikinsu na Nuwamba 1970. Ranar 21 ga Agusta aka harbe George Jackson a gidan yarin San Quentin; washegari ɗaruruwan fursunonin Attica suka shiga ɗakin cin abinci shiru, da baƙin ƙyalle a hannu, suka ƙi ci. To ka ga binciken Attica ya kai ka Folsom da San Quentin, can ɗaya gefen ƙasar. Sannan ka yi gaba. An tuhumi fursunoni 62 da laifuffuka, jami'in tsaro ɗaya tak aka tuhuma, har gwamna Hugh Carey ya rufe shari'un a ƙarshen 1976. Takardun wannan tsakani ana samun su da kalmomin Attica Brothers, sunan da masu kare su suka yi amfani da shi. Sai a shekarar 2000 jihar ta amince ta biya tsofaffin fursunonin dala miliyan 8.

Ga kuma abin da ya sa nake fara koyar da kowa da Attica. Jaridun da suka fito ranar 14 ga Satumba, har da manya irin New York Times, sun buga abin da jami'ai suka faɗa musu: wai fursunoni ne suka yanka maƙogwaron waɗanda suka yi garkuwa da su. A ranar ce likitan binciken gawa, Dakta John Edland, ya bayyana cewa harsashi ne ya kashe su duka, fursunoni kuwa ba su da bindiga. Ɗalibin da ya sami hoton jaridar ranar 14 ya yi murna ya samo shaida ta asali, ƙarya ya samo mai kwanan wata. Kusancin takarda da aukuwar abu ba ya sa ta zama gaskiya. Sai ka karanta na mako guda a jere, ka haɗa da rahoton kwamitin McKay na 1972, wanda jihar da kanta ta kafa. Idan ka sami littafin Heather Ann Thompson, Blood in the Water na 2016, bayanan da ke ƙarshensa za su nuna maka inda kowace takarda take.

Tambayar addinin da muka fara da ita fa? Fursunoni Musulmi ne suka yi wa waɗanda aka yi garkuwa da su zobe a tsakiyar fili suna kare su daga masu son taɓa su. Cikin buƙatu 28 da Oswald ya ce ya amince da su akwai 'yancin addini da rage naman alade a abinci. Abin da ya wargaza sulhun shi ne batun afuwa, musamman bayan rasuwar gandiroba William Quinn ranar 11 ga wata.

Sunaye da kalmomi

Babu abin da ya kai sauyin suna ɓatar da mai bincike a wannan fage. Mutanen nan da yawa sun yar da sunayen da suke gani na iyayengijin bayi ne, suka ɗauki na Afirka ko na Musulunci, hukuma kuwa ta ci gaba da kiransu da tsohon. Stokely Carmichael shi ne Kwame Ture, wanda ya koma Gini ya rasu a Konakiri a 1998. H. Rap Brown shi ne Jamil Abdullah Al-Amin. JoAnne Chesimard ta takardun 'yan sanda ita ce Assata Shakur, wadda ta tsere daga gidan yari a 1979 ta sami mafaka a Kyuba. Anthony Bottom shi ne Jalil Muntaqim, Richard Moore shi ne Dhoruba bin Wahad, Clark Squire shi ne Sundiata Acoli, Wesley Cook shi ne Mumia Abu-Jamal. Geronimo Pratt, wanda aka soke hukuncinsa a 1997 bayan ya shekara 27 a tsare, ya koma Geronimo ji-Jaga, a Tanzaniya kuma ya rasu a 2011. Ƙa'idar mai sauƙi ce: sabon suna a rumbun masu gwagwarmaya, tsohon suna a takardun kotu da na 'yan sanda, sannan ka gwada duka biyun a ko'ina. Sunan da takarda ta zaɓa ma yana gaya maka ɓangaren da ta fito tun kafin ka karanta layi na biyu.

Ƙungiyoyi kuma da gajerun haruffa aka fi rubuta su. BPP ita ce jam'iyyar Black Panther da Huey Newton da Bobby Seale suka kafa a Oakland a Oktoba 1966. BLA ita ce Black Liberation Army, NOI ita ce Nation of Islam, RNA ita ce Republic of New Afrika da aka kafa a Detroit a 1968. Lura da harafin k: su Afrika suke rubutawa, injin bincike kuwa ba lallai ya haɗa maka ita da Africa ba. Shari'u ma suna da laƙabi, kuma da laƙabin aka fi ajiye su: Soledad Brothers, San Quentin Six, Panther 21. A wannan ta ƙarshe ce Afeni Shakur ta kare kanta a kotu ba lauya, aka wanke su a Mayu 1971, wata guda kafin ta haifi mawaƙi Tupac.

Kalmomin da muke ji yau ba su ne na lokacin ba. African American ba ta yaɗu ba sai ƙarshen shekarun 1980. Takardun gwamnati na shekarun 1960 Negro suke cewa, masu gwagwarmaya kuwa Black ko Afro-American. Haka mass incarceration, wadda ta cika littattafan yanzu, da wuya ka same ta a takardar 1971. Gwada political prisoners, prisoners union, indeterminate sentence, control unit. Ta ukun nan tana da muhimmanci, don ita ce irin ɗaurin da ba shi da ƙayyadadden ƙarshe, wanda aka yi wa George Jackson a 1961: daga shekara ɗaya zuwa rai da rai, a kan fashin dala 70 a gidan mai. Hukumar gidajen yari kuma tana da harshenta mai laushi. Sashen da ake killace mutum shi kaɗai a San Quentin sunansa Adjustment Center, fursunoni kuwa the hole suke ce wa irin wannan wuri. A nan ne manhajar fassara za ta yaudare ka, ta ce maka rami, ko ta fassara pig da alade alhali ɗan sanda ake nufi.

Ka kula da Angola. A wannan fage sau da yawa ba ƙasar ake nufi ba, babban gidan yarin jihar Louisiana ne, wanda aka gina a tsohuwar gonar bayi mai wannan suna. A can aka killace Herman Wallace da Albert Woodfox da Robert King, waɗanda ake kira Angola 3. Woodfox ya shafe sama da shekara 40 a ɗakin kaɗaici kafin a sake shi a 2016. Tun da rumbunan nan suna kuma ɗauke da takardu kan yaƙin 'yancin ƙasar Angola, sai ka haɗa kalmar da Louisiana ko da sunan ɗaya daga cikin mutanen.

Kwanan wata kuma Amurkawa da wata suke farawa. 9/10/71 tana nufin 10 ga Satumba, ba 9 ga Oktoba ba.

Muryar hukuma

Bayan ka ji daga bakin masu gwagwarmaya, sai ka je ka ji daga bakin masu bibiyarsu. Hukumar FBI tana da shafi mai suna The Vault, a vault.fbi.gov, inda ta ɗora dubban shafukan da dokar 'yancin samun bayanai ta 1966 ta tilasta mata saki. Akwai fayil a kan Malcolm X, da Fred Hampton, da Stokely Carmichael, da kuma na COINTELPRO, shirin asirin da hukumar ta gudanar daga 1956 zuwa 1971 don tarwatsa ƙungiyoyin da take gani barazana ne. Asirin ya tonu ne bayan wasu 'yan gwagwarmaya sun fasa ƙaramin ofishin FBI a garin Media na jihar Pennsylvania daren 8 ga Maris 1971, daren damben Muhammad Ali da Joe Frazier, suka kwashe takardu suka aika wa jaridu. Kwamitin majalisar dattawa ƙarƙashin Frank Church ya bi sawu a 1975 da 1976, rahotanninsa ma suna intanet.

Fayilolin manya ne, hotunan shafuka ne da aka kwafa daga kwafi, wasu sun dushe har ba sa karantuwa. Neman kalma a cikinsu yakan ce babu alhali tana nan, don haka sai haƙurin bi shafi-shafi. Akwai alamomin da ke sauƙaƙa aikin. Lambobin farko na lambar fayil suna nuna irin binciken: 100 na tsaron cikin gida ne, 157 na abin da suka kira al'amuran launin fata da tsattsauran ra'ayi. Babban fayil na shirin da aka buɗe a kan ƙungiyoyin baƙar fata a Agusta 1967 lambarsa 100-448006, kuma sanya wannan lamba a Google kaɗai yakan fito da kwafe-kwafe a wasu rumbuna. SAC yana nufin shugaban ofishin FBI na wani birni. Inda aka shafe rubutu za ka ga ɗan harafi a gefe: b1 yana nufin sirrin tsaron ƙasa, b7C sirrin wani mutum, b7D kuwa yana ɓoye wanda ya kawo rahoton. Shafin da b7D ta yi wa yawa yana gaya maka akwai ɗan rahoto a ɗakin taron.

Wanda ya taɓa karanta rahoton Di'o ko na 'yan dokan En'e a kan 'yan NEPU a gidan adana takardun tarihi na Kaduna ya riga ya san irin karatun da ake yi wa waɗannan. Suna da ƙarfi a kan abin da hukuma ta yi da abin da take tsoro. Daga irin waɗannan takardu aka tabbatar cewa William O'Neal, ɗan rahoton FBI, shi ya ba da zanen gidan da 'yan sandan Shikago suka kashe 'yan Black Panther Fred Hampton da Mark Clark da asubahin 4 ga Disamba 1969. Amma suna da rauni ƙwarai a kan abin da mutane suka ce ko suka yi niyya, don ɗan rahoto da kuɗi ake biyansa, labari mai zafi kuma ya fi tsada. Abin da ya fi haɗari shi ne, wasu takardun an ƙirƙire su ne da gangan. Hukumar ta rubuta wasiƙun bogi don hura wutar saɓani tsakanin Huey Newton da Eldridge Cleaver na Black Panther, ta kuma shirya yaɗa jita-jitar cewa Carmichael yaron CIA ne. Idan ka ga takarda tana cewa wane ɗan leƙen asiri ne, kada ka maimaita sai ka ga wata hujja daga waje. An kashe mutane a kan irin wannan zargi, wasu kuma da ake ambata suna raye, ko 'ya'yansu.

Murya ta uku ita ce ta fursunan da ba shi da suna a tarihi. A shafin JSTOR akwai tarin American Prison Newspapers, jaridun da fursunoni suka rubuta suka buga a cikin gidajen yari tun daga 1800, kuma wannan tarin kyauta ne ko ba ka da rajistar jami'a. Shi ana iya neman kalma a cikin rubutun kansa. Sai dai yawancin jaridun sai da shugaban gidan yari ya duba kafin a buga, don haka wani lokaci shirunsu kan babban al'amari shi ne labarin. Kusa da shi akwai Independent Voices, tarin jaridun masu adawa na wancan zamani, shi ma kyauta.

Mai karatu Bahaushe zai so ya bi sawun Musulmi a wannan tarihi, kuma sawun yana da zurfi. Fursunoni Musulmi ne suka buɗe wa sauran fursunonin Amurka ƙofar kotu. Thomas Cooper, wanda ke tsare a Stateville ta jihar Illinois, ya kai ƙara cewa an hana shi Alƙur'ani da littattafan addininsa; a 1964 Kotun Ƙoli ta yanke cewa fursunan jiha yana da damar kai hukumar gidan yari ƙara a kotun tarayya. Nemi Cooper v. Pate a shafin Justia ko a sashen shari'u na Google Scholar. Nemi Martin Sostre ma, wanda ya yi ƙarar jihar Niyok kan addini da kan ɗakin kaɗaici. Gwada Muslim da Moslem da Black Muslims, ukun duk ana amfani da su. Ka kuma sani cewa yawancin waɗannan 'yan Nation of Islam ne, wadda aƙidarta a zamanin shugabanta Elijah Muhammad ta yi hannun riga da Musuluncin da muka sani a manyan ginshiƙai. Bayan rasuwarsa a 1975 ɗansa Warith Deen ya ja mafi yawan mabiya zuwa Sunna, jaridarsu Muhammad Speaks ta koma Bilalian News. Wanda bai san wannan ba zai ga jaridar ta ɓace a 1975 ya ɗauka an rufe ta.

Alaƙa da Afirka tana da nata rumbu, African Activist Archive na jami'ar jihar Michigan, wanda ya tara takardu da hotunan Amurkawan da suka mara wa yaƙin 'yancin Afirka baya. Ziyarar Malcolm X jami'ar Ibadan a Mayu 1964, inda ɗalibai Musulmi suka raɗa masa suna Omowale, da ofishin da Cleaver ya buɗe wa Black Panther a Aljeriya bayan bikin al'adun Afirka na 1969, da FESTAC ta 1977 a Legas da hawan dabarta a Kaduna, duk ƙofofi ne ga ɗalibin da ke neman batun da bai tsufa a hannun wasu ba.

Waya, data da littafin rubutu

Wani lokaci Google ya fi injin rumbun iya binciken rumbun. Rubuta site:freedomarchives.org sannan kalmarka, zai tsaya a wannan shafi kaɗai, kuma yakan shiga cikin rubutun ƙasidun. Ƙara filetype:pdf idan takarda kake so. Sanya suna tsakanin alamun zance, kamar "George Jackson", don kada a raba maka shi biyu.

A Internet Archive, wato archive.org, akwai kwafe-kwafen jaridar The Black Panther, wadda ta fito daga Afrilu 1967 zuwa 1980, da littattafai da rahotannin kwamitoci. Ƙarƙashin gurbin bincike akwai zaɓin neman kalma a cikin rubutu maimakon a take kawai. Ga dabarar tsimin data: kafin ka sauke PDF mai nauyi, buɗe zaɓin cikakken rubutu, wanda ba shi da hoto kuma bai kai kaso kaɗan na nauyin ba. Rubutun zai zo da kurakurai, tun da na'ura ce ta karanta tsohuwar jarida, amma ya isa ka gane ko abin da kake nema yana ciki. In yana ciki, sai ka jira garaɓasar dare ko wayifai na makaranta. Amma abin da za ka kawo a rubutunka, daga hoton shafin za ka kwafo shi, ba daga rubutun na'ura ba.

Kaset yana buƙatar abin sawa a kunne da natsuwa. Turancin titunan Oakland da Harlem na 1970 ba shi ne na BBC ba, naɗin kuma sau da yawa a filin zanga-zanga aka yi shi ko ta wayar gidan yari. Idan manhajarka tana rage saurin sauti, rage. Duk inda aka faɗi abin da kake so, rubuta minti da daƙiƙa. Ka kuma bambance ranar da aka naɗi magana da ranar da aka watsa shirin, don shirin tunawa da Attica na 1991 yana iya ɗauke da muryar 1971 haɗe da sharhin shekara ashirin bayan nan.

Ga kowane abu da ka samo, rubuta take, wanda ya yi shi, kwanan wata, sunan tari, lambar ajiya, adireshin shafi, da ranar da ka gani. Lambar ajiya ta fi adireshi daraja, don shafuka sukan sauya fasali adireshi ya mutu, lamba kuwa tana nan. Ajiye kwafi a wayarka da wani wuri dabam. Ko Internet Archive ɗin da kowa ya dogara da shi sai da masu kutse suka durƙusar da shi na kwanaki a Oktoba 2024.

Idan katin ya nuna kaset ɗin da kake buƙata amma ba a ɗora shi ba, ko kana son sa wani yanki a shirin rediyo ko bidiyon YouTube, rubuta wa masu rumbun. Samun abu kyauta don karatu ba izinin watsa shi ba ne, wani sautin ma haƙƙinsa na wanda ya naɗa ne. Wasiƙar ta zama gajera: ko kai wane ne, daga ina, lambar ajiyar abin, da abin da za ka yi da shi. Ka ambaci cewa daga Najeriya ko Nijar ko Gana kake, kuma zuwa da kanka ba zai yiwu ba. Ƙaramar ƙungiya ce mai ma'aikata kaɗan, maida tsohon kaset zuwa sautin kwamfuta kuma yana cin lokaci, don haka kada ka bari sai saura mako guda ka miƙa kundi. Agogon Kalifoniya yana bayan na Kano da sa'a takwas ko tara gwargwadon lokacin shekara, saƙon da ka aika da hantsi zai tarar da su suna barci.